Wasiyya, kyauta ko wakafi: wanne zai kai dukiyarka hannun wanda kake nufi?

Bara waccan na raka gwaggona wata kotun shari'a a nan cikin garin Kaduna, bayan ta fita takaba. A jakarta akwai takarda guda da ta naɗe cikin leda, rubutun hannun maigidanta da sa hannunsa: ya ba ta gidan da suke ciki a Tudun Wada, halak malak. Sun haura shekara 30 tare, Allah bai ba ta haihuwa ba, 'ya'yan gidan duk na abokiyar zamanta ne. Alƙali ya karanta takardar sau biyu, ya zare tabarau, ya dube ta.

"Hajiya, bayan ya rubuta wannan, ya tashi daga gidan?"

"Allah ya gafarta Malam, ya tashi ya je ina? A ɗakinsa ya cika."

"Shagunan da ke jikin gidan fa, wa ke karɓar kuɗin hayarsu?"

"Shi ne, har watan da ya kwanta."

Nan maganar ta ƙare. Takardar ba ta zama kyauta ba, domin gidan bai taɓa fita daga hannun mai shi ba. Ba ta kuma zama wasiyya ba, domin gwaggo magajiya ce. Gida ya koma cikin gado, ta tashi da rabin tumuni, wato rabin kashi ɗaya cikin takwas da matan mamaci ke rabawa idan ya bar 'ya'ya. Marigayin bai nufe ta da sharri ba ko kaɗan. Ya dai ɗauka duk abin da mutum ya rubuta ya sa wa hannu ya zauna, kamar yadda yawancinmu muka ɗauka.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce da ni yana so ya gyara al'amuran dukiyarsa kafin ta Allah ta kasance, tambaya biyu nake yi masa. Wanda kake so ya amfana, yana cikin magadanka ko ba ya ciki? Kuma za ka iya sakin abin nan tun kana raye, ka ga wani yana juya shi ba tare da ya nemi izininka ba? Amsar waɗannan biyun ita ce ke raba wasiyya da kyauta da wakafi.

Amma a fara da abin da zai faru idan mutum bai yi komai ba, domin shi ne ma'aunin sauran. Ga Musulmi, rabon yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Za a fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya idan akwai, sannan magada. Mu ɗauki misali: mutum ya bar dukiyar naira miliyan 48 bayan an biya bashi, da mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza 3, mata 4. Matan za su raba tumuni, miliyan 6, kowacce miliyan 3. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, miliyan 8. Saura miliyan 34, a kasa goma: namiji miliyan 6.8, mace miliyan 3.4. Lissafi ya fita babu ragowa. To amma idan wannan miliyan 48 ɗin gida ne guda ɗaya a Unguwar Rimi ko Kawo, ba a yanka gida gida goma. Sai dai a kira dillalai a yi masa kuɗi, wanda ke da hali cikin magada ya biya sauran, in babu a sayar. Matar da ba ta da ɗa a gidan ta riƙe miliyan 3, kuɗin da ba zai saya mata gida a cikin gari ba. Idan kuma akwai jikoki marayu, waɗanda ubansu ya riga kakansu rasuwa, ko sisi ba su da shi muddin baffanninsu na raye. Haka agolan da ya tashi a gidan, haka yarinyar da aka ɗauko riƙo tun tana goye.

Waɗannan da rabon gado bai kai gare su ba, su wasiyya ta fi dacewa da su. Iyakarta sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, lokacin da ya kwanta ciwo a Makka ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya nemi rabi ya hana, sai a sulusi ya yarda, ya kuma nuna sulusin ma da yawa. A misalinmu sulusi miliyan 16 ne, kuɗin da ya isa a ware wa marayun nan abin karatu har a saya musu ɗan matsuguni. Masar ta mayar da irin wannan wasiyya ga jikoki marayu dole a dokarta ta 1946. Mu a nan kotunanmu mazhabar Malikiyya suke bi, babu wannan tilascin, saboda haka idan kakan bai rubuta ba, sai abin da baffanni suka ga dama.

A Kaduna akwai wani rukuni da ba a cika ambata ba. Gari ne da aka daɗe ana cuɗanya, akwai wanda ya musulunta mahaifiyarsa na nan Kirista a Sabon Tasha ko Kafanchan, akwai mai aure da Kirista. Bambancin addini yana hana gado, amma ba ya hana wasiyya. Wanda ke cikin wannan hali ya yi shiru, ya sani da hannunsa ya bar tsohuwarsa ko matarsa ba komai.

Abin da wasiyya ta fi sauran da shi, ba ta raba ka da dukiyarka yau. Kana nan da gidanka da shagonka, kana iya soke ta ko ka sauya ta duk ranar da ka ga dama. Rauninta kuma biyu ne. Na farko, ba a yin ta ga magaji. Idan ka rubuta wa ɗanka ko matarka, sai sauran magada sun yarda bayan rasuwarka, kuma yaron da bai balaga ba babu mai yafe rabonsa a madadinsa. Na biyu, ba ka nan ranar da za a zartar da ita. Don haka take bukatar shaidu adalai biyu, waɗanda ba su da abin samu a ciki. A Malikiyya, takardar da aka tsinta a durowa da rubutun hannun mamaci, bai kafa mata shaidu ba bai kuma ce a zartar ba, ba a aiki da ita, domin wataƙila ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa daga baya ya fasa. Cikin wasiyyar ne kuma uba ke naɗa wasiyyi, wanda zai riƙe dukiyar ƙananan 'ya'yansa har su yi hankali. Ni a ganina wannan layi guda ya fi duk sauran takardar daraja ga mai ƙananan yara, domin idan bai zaɓa ba, wanda ya fi ƙarfin murya a dangi shi zai zaɓi kansa.

Wani zai ce, to in je wurin lauya ya rubuta mini irin ta Turawa mana, in raba yadda nake so. An taɓa yin haka ta zauna. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa, Kotun Ƙoli ta ce Musulmi na iya yin wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ko da ta saɓa wa iyakokin Musulunci. Bayan haka ne wasu jihohi, har da Kaduna, suka yi dokar wasiyya tasu wadda ta ware wasiyyar wanda shari'ar Musulunci ke kansa. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi. Je wurin lauya, yana da amfani sosai wajen tsara takarda, amma ka nemi wanda ya san sulusi.

Sai kyauta, wadda malamai ke kira hiba. Ita ce hanyar wanda yake so ya ba magaji wani abu ƙari kan rabonsa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mai lafiya, mai hankali, wanda bashi bai cinye dukiyarsa ba, yana iya ba wanda ya so abin da ya so, babu iyakar sulusi. Sai dai kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya mallaka a zahiri kafin mai bayarwa ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko ya tsiyace. Idan shago ne a Kasuwar Bacci, makulli ya koma hannunsa. Idan gidan haya ne a Rigasa, 'yan haya su san sabon mai gida, rasit ya riƙa fita da sunansa. Idan gona ce a hanyar Zariya, shi zai noma ko ya ba da aro. Ba a cewa na ba ka, sannan a ci gaba da ci.

Mas'alar gwaggo tana da nata hukunci na musamman. A Malikiyya, idan mace ta ba mijinta gidan da suke zaune ciki suka ci gaba da zama, kyautar ta yi. Idan miji ne ya ba matarsa ya ci gaba da zama har ya rasu, ba ta yi ba, domin shi ke da nauyin samar da wurin zama, zamansa a ciki yana nuna gidan bai bar hannunsa ba. Da marigayin ya tambaya, da an ba shi shawara mai sauƙi: ya ba ta wani abin da ba ya ciki. Yana da fili a bayan gari, yana da shaguna. Da ya mallaka mata ko shago biyu ne ta riƙa karɓar hayarsu da hannunta shekara da shekaru a gaban kowa, da babu mai ja da ita.

Ga ƙananan 'ya'ya akwai sauƙi, uba na iya riƙe musu abin da ya ba su idan ya kafa shaidu, in dai ba gidan da yake zaune ciki ba ne. Uba kuma na iya janye kyautar da ya yi wa ɗansa, matuƙar ɗan bai yi aure ko ya ci bashi a kan ƙarfin kyautar ba, abin kuma bai sauya ba. Amma idan da sunan sadaka ya bayar, don neman lada, babu janyewa. Kalma ɗaya a takarda tana sauya hukunci, shi ya sa ba a rubuta irin wannan a gaggauce.

Akwai kuma abin da takarda ba ta gyarawa. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗan nasa kyauta ya zo neman Manzon Allah (SAW) ya shaida. Aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, ya ce a'a, Annabi ya ƙi shaidawa ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'ya. Kotu na iya tabbatar da kyautar da ta cika sharuɗɗa ko da an fifita wani ɗa, amma kotu ba ta dawo da zumunci. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, kyautar da aka yi wa 'yan ɗaki ɗaya a ɓoye wuta ce aka binne a toka. Idan akwai dalili, kamar ɗa mai lalura, ko 'yar da aure ya mutu ta dawo da yara, ko ƙananan da ba a yi musu karatu da aure kamar yadda aka yi wa manya ba, a tara kowa a faɗa da baki a rubuta. Wanda zai yi fushi ya yi tun kana raye kana iya ba shi amsa.

Kada kuma a jira sai an kwanta. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, ba ta zuwa ga magaji sai da yardar saura. Takardun da ake kai wa majinyaci a gadon asibiti ya dangwala, yawancinsu rigima kawai suke haifarwa.

Ɓangaren hukuma ma yana nan. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai satifiket ɗin mallaka ba ya mayar da haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna. A Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye. Ke nan kyautar gida tana da ƙafa biyu: hauzi da shaidu ta fuskar shari'a, takardar kyauta da sauya suna ta fuskar hukuma. Akwai kashe kuɗi da zirga-zirga, wannan gaskiya ne, kuma shi ke sa mutane ja da baya. Sai dai duk abin da za a kashe bai kai na shekara uku ana sintiri tsakanin kotu da ofishin lauya ba.

Haɗarin kyauta ga mai bayarwa shi ne wanda dattawa suka fi tsoro, kuma suna da hujja. Ka raba komai kana da shekara 60, Allah ya ja kwana ka kai 85, ka koma kana jiran wanda ka ba ya tuna da kai. Ban ga hikimar mutum ya tuɓe rigarsa tun bai ga ruwa ba. A bayar da abin da za a iya rayuwa babu shi.

Wakafi, wanda wasu ke kira hubusi, shi ne a tsare asalin abu a sake amfaninsa: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara ya tsayar da ita haka bisa shawarar Manzon Allah (SAW). Mu mun fi saninsa a masallaci da makarantar Islamiyya da rijiya, amma ana yin sa ga zuriya ma: gidan haya a tsayar da shi, kuɗinsa ya tafi ga karatun jikoki ko ga duk 'yar gidan da ta rasa miji. Shi ma sai da hauzi idan an yi shi da rai da lafiya. Idan kuma aka ce sai bayan mutuwa, ya koma cikin sulusi. Malaman Malikiyya sun tsananta kan wanda ya yi wakafi ga 'ya'yansa maza ya cire mata, har wasu suka ce ɓatacce ne. Matsalarsa a aikace ita ce mai kula. Kowa ya san wani gidan wakafi da rufinsa ya rufta saboda na kowa ne, ba na kowa ba. Idan ba ka da amintattun mutane aƙalla biyu ko uku, da rubutaccen tsarin wanda zai gaje su, da kason da za a riƙa warewa don gyara, ka haƙura da wakafin zuriya. Wanda zai yi babba na jama'a, gara ya yi wa amintattun rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi don kadarar ta zauna da sunan wakafin, ba da sunan mutum ɗaya da 'ya'yansa za su wayi gari su ce na babansu ne ba.

Mai kasuwancin da ba ya so ya watse yana da wata dabara kusa da wannan: ya mayar da shi kamfani mai hannun jari. Ranar rabo sai a raba hannun jarin bisa ƙa'idar gado, injina da shago su zauna wuri ɗaya.

Takardu biyu kuma ana yawan ɗaukar su a matsayin abin da ba su ba ne. Takardar wakilci, wadda ke ba wani izinin sa hannu ko sayarwa a madadinka, tana da amfani lokacin jinya ko doguwar tafiya, amma a ƙa'ida tana mutuwa tare da mai ita. Sai gurbin makusanci da ake cikewa a fom ɗin banki ko na wurin aiki. Sunan da ke wurin na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da shi mai kuɗin ba. Banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki ko kwabo. Haka kuɗin asusun fansho a ƙarƙashin dokar 2014: sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Dokar ta kuma wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, abin da iyalai da yawa ba su ma san su nema ba.

Ga 'yan'uwa Kiristoci lissafin ya bambanta, wasiyya ce babbar hanya. Babu iyakar sulusi, babu hana magaji, sai dai kadarar da al'adar mutum ta hana shi bayarwa. A rubuta, a sa hannu gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda, kada wanda aka ba wani abu ko matarsa ya zama shaida, a kuma ajiye kwafi a rajistar Babbar Kotu. Wanda bai rubuta ba, irin auren da ya yi, na rajista ko na al'ada, shi zai fi nuna dokar da za a bi, kuma nan ne gwauruwa da 'ya'ya mata suka fi shan wuya a hannun dangin miji.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum mai matsakaicin hali, mai gida ɗaya da ɗan fili da albashi ko shago, zan ce ya bar gidan ga rabon gado, ya rubuta wasiyya saboda waɗanda ba sa gado da kuma naɗa wasiyyi, sannan ya yi ƙaramar kyauta cikakkiya ga magajin da ya san rabo zai bari a rana. Wakafin zuriya na mai kadara fiye da ɗaya ne.

Kafin duk wannan akwai littafi na naira ɗari biyu ko uku da ya kamata ya riga su. A rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da ajiyar mutane da ke hannunka, da lambobin asusu, da inda takardun fili suke, da filin da ka saya da sunan wani. A rubuta kuma abin da yake na matan gida ne: gwal ɗinta da ka karɓa ka ƙara jari, kuɗin adashinta da aka zuba a ginin bene, ragowar sadaki. A yi wannan da lafiya a gaban shaidu, domin iƙirarin bashi ga magaji a kan gadon ciwon ajali abin tuhuma ne, alƙali na iya ƙin karɓa. Gwaggo ta ce shaguna biyu daga cikin na jikin gidan nan da kuɗin gadon mahaifinta aka gina su. Na yarda da ita, domin na san lokacin da aka sayar da gonar. Alƙali ya nemi shaidu, mutum biyun da aka yi abin a gabansu kuwa duk sun riga maigidan rasuwa.